Ƙwarya Da Akushi: Soyayyar Talaka Da Mai Kuɗi A Littattafan Hausa

Duk wanda ya saba da littattafan soyayya na Hausa ya san wannan labari tun kafin ya buɗe shafin farko. Saurayi da budurwa sun ga juna, zuciya ta kamu, amma gidan ɗaya akwai, gidan ɗayan kuwa sai an fita an nemo ake ɗora tukunya. Daga nan iyaye su shigo, kaka ta sa baki, ƙawaye su yi zuga, wani mai hannu da shuni ya bayyana da mota da kayan toshi, a kuma tuna wa marar ƙarfi cewa ƙwarya ƙwarya take bi, in ta bi akushi fashewa za ta yi. Fiye da shekara 30 ke nan ana rubuta wannan labari, ana sake masa riga, ana kuma saye. Da can a ƙananan littattafai masu kashi na ɗaya da na biyu ake samun sa a kasuwannin Kano, a saya ko a karɓo haya. Yau yana cikin wayoyin hannu, ana karanta shi a Wattpad da zaurukan WhatsApp, ana sauraron sa a gidajen rediyo da YouTube, daga Sakkwato har Damagaram.

Labarin da ya daɗe haka bai gundure mutane ba, lalle akwai inda yake sosa musu. Abin da nake son mu duba shi ne abin da yake sosawar, da kuma inda ya dosa. A ganina, wannan jigo ya faro ne a matsayin kuka a kan yadda dukiya take yanke hukuncin aure, amma a hannun da yawa daga marubutan yau ya rikiɗe ya zama kirari ga dukiyar da aka fara kuka da ita.

Tun daga Jiki Magayi

Rikicin so da dukiya ya girmi littattafan kasuwar Kano. A cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga a Zariya a shekarun 1930 akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta. Abubakar yana son Zainabu, ita ma tana son sa, sai attajiri Malam Shaihu ya shigo da ƙarfin aljihu ya aure ta. Abubakar bai haƙura ba, ya bazama neman hanyar ramuwa, sharrin kuma ya sauka a kan ɗan da aka haifa a wannan aure. A nan talaka bai samu matar ba. Abin da ya samu shi ne fansa, ita ma ba ta amfane shi da komai ba. Littafin ya nuna cewa ƙwace da kuɗi zalunci ne, sai dai bai kawo wa mai karatu tunanin cewa masoyan za su iya tsayawa su yi nasara ba. Zainabu kuwa ba ita ke riƙe da akalar labarin ba.

A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, inda budurwa Bafulatana ta tsaya a kan wanda take so duk da cewa ba ɗan ƙabilarsu ba ne. Shingen da ke cikin wannan littafi na asali ne da al'ada, amma ya buɗe ƙofa ga abin da zai biyo baya: yarinya mai baki, mai zaɓi, wadda labarin yake tafiya da numfashinta.

Sumayya da Muhammad

Littafin da ya kafa wa wannan jigo turke shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991. Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad kuwa ɗan talakawa ne mai natsuwa da tarbiyya. Ita ta fara gani ta ce tana so, shi kuma ya riƙa ja da baya, domin ya san nisan da ke tsakanin gidajensu. Sai Abdulƙadir, ɗan kasuwa mai kuɗi, ya shigo neman aurenta. Da ya ga yarinyar ba ta yi da shi, sai ya bi ta wajen kakarta da alheri, kakar kuma ta matsa wa iyayen. Da aka ƙure Sumayya, ta faɗa rijiya. Allah ya yi da sauran kwananta, kuma a ƙarshe aka ɗaura mata aure da Muhammad.

Littafin ya yi farin jini ƙwarai, aka fassara shi zuwa Turanci, aka kuma mayar da shi fim. Abubuwa uku ne, a nawa nazarin, suka ba shi wannan ƙarfi. Na farko, mai kuɗin ce ta sauko, ba talakan ne ya yi ta hanƙoron hawa ba, saboda haka babu wanda zai zargi Muhammad da kwaɗayi. Na biyu, marubucin ya nuna ainihin hanyar da kuɗi suke bi su shiga maganar aure a gidan Bahaushe: ba sa tunkarar yarinya kai tsaye, ta hannun manya suke bi, waɗanda ba a iya yi musu musu. Iyayen Sumayya su ma 'ya'yan wata ne, suna tsoron ɓacin ranta. Na uku, darajar Muhammad a halinsa take. Mai karatu ɗan talaka yana rufe littafin yana jin cewa shi ma mutum ne, ko da aljihunsa babu nauyi.

Batun rijiya kuwa ya jawo wa littafin suka mai yawa, kuma sukar tana da tushe. Kashe kai haramun ne, ba kuma mafita ba ce ga kowace yarinya. Amma wanda ya tsaya a bakin rijiyar kawai bai karanta littafin ba. Tambayar da marubucin ya ajiye wa iyaye ita ce: me ya kai yarinya mai hankali wannan wuri, kuma wa ya toshe mata sauran ƙofofin?

Zamanin da ya haifi labarin

Ba a banza wannan labari ya samu kasuwa a lokacin da ya fito ba. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 ya yaye dubban yara masu iya karanta boko, azuzuwan yaƙi da jahilci na Kano kuma suka ƙara wasu, har da matan aure. Ana cikin haka tattalin arziki ya karye. Bayan shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986, darajar naira ta faɗi, aikin gwamnati ya yi wuya, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Matasan marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗinsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin jagororinta. Marubucin da mai karatun duk jirgi ɗaya ya kwaso su: sun yi karatu, sun san abin da suke so, amma ba su da abin yin aure.

Aure kuwa a ƙasar Hausa ba sadaki kaɗai ba ne. Sadaki a shari'a mai sauƙi ne, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari a mazhabar Malikiyya. Nauyin yana cikin abin da al'ada ta ɗora: kuɗin gaisuwa, kayan sa rana, akwatunan lefe da atamfofi da leshi da sarƙoƙi, sannan gidan zama. Iyayen amarya su ma ga nasu: gado da katifa da kujeru da kayan jere da gara. Kowane mataki a bainar jama'a ake yin sa, ana buɗe akwati ana ƙirgawa, ana kai labari gida-gida. Saboda haka bambancin arziki ba ya ɓoyuwa a auren Bahaushe. Saurayin da ya rasa budurwarsa saboda wani Alhaji ya riga shi kai kaya ba a littafi ya fara jin labarin ba, a layinsu ya gani.

Finafinan Indiya ma sun taimaka. Gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos sun yi shekaru da dama suna nuna labaran ɗan talaka da 'yar attajiri, da uba mai taurin kai, da auren dole. Masanin nan Brian Larkin ya yi nazari a kan wannan alaƙa a shekarun 1990, ya kuma kafa hujja da In Da So Da Ƙauna. Amma kuskure ne a ce kwaikwayo ne kawai. Bahaushe ya rungumi waɗancan finafinai ne domin ya ga matsalar gidansu a ciki.

Har yau kuma matsalar tana nan, ta ma ƙaru. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 a Nijeriya suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa suke. Auren gata da gwamnatin Kano take ɗaukar nauyi ta hannun Hisbah, kamar na 2023 da aka aurar da ma'aurata 1,800, shaida ce cewa tsadar aure ta fi ƙarfin talaka har sai hukuma ta sa hannu.

Yadda mata suka faɗaɗa maganar

Da mata suka karɓi alƙalamin, sai suka nuna cewa tazarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, an cire Abu daga makaranta, wanda aka yi mata alkawari da shi ya guje ta saboda ba ta yi boko ba, aka kuma aurar da ita ga dattijon da ba ta so. Abin da ya ɗaga darajarta daga baya ba wani attajiri ba ne, karatun da ta koma ta yi ne. A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, mijin Rabi ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya, ta riƙe gidan da sayar da abinci. Gaskiya ne 'yarta Saudatu ta auri mai kuɗi, amma kafin a kai nan mai karatu ya ga yadda ake haɗa kuɗin cefane da na makaranta da guminta. Talaucin da ke cikin waɗannan littattafai na gaske ne, yana da nauyi, kuma matan da ke cikinsa suna da hannun da suke aiki da shi.

Da akala ta juya

A hankali sai labarin ya kifa. Maimakon 'yar masu kuɗi ta so ɗan talaka, sai aka koma ɗan masu kuɗi ya tsinci 'yar talaka. Fim ɗin Sangaya, inda yarima ya ƙare da son Zubaina mai aikin gidansu, yana cikin waɗanda suka ƙara wa wannan salo farin jini. A littattafan da ake rubutawa a waya yanzu, shi ne ya mamaye fage. Namijin matashin attajiri ne, ko ɗan sarki, ko babban soja, ko likitan da ya yi karatu a Ingila. Gidansa yana Maitama ko Asokoro, sayayyarsa a Dubai. Miskili ne, ba ya dariya, ma'aikatansa suna rawar jiki in ya shigo. Yarinyar kuwa 'yar talla ce, ko marainiyar da kishiyar uwa take gallaza wa, ko 'yar aiki, ko 'yar ruga, kyakkyawa ta ƙin ƙarawa. Da farko yana wulaƙanta ta, wani lokaci har da mari. Daga baya a haɗa su auren dole ko na yarjejeniya, ya gane yana son ta, a kai ta kanti a sauya mata sutura, dangin da suka raina ta su dawo suna fadanci.

Ban raina masu karanta wannan ba. Yarinyar da ta wuni tana wanke-wanke a gidan wasu, ko matar da miji ya bar wa abin da bai isa cefane ba, tana da haƙƙin ta huta a cikin labari. Akwai kuma marubutan wannan zamani masu iya jan zare da sarrafa harshe, waɗanda suka riƙe karatun Hausa a lokacin da littafin takarda ya yi tsada. Amma mu dubi abin da salon yake cewa. A labarin Sumayya, kuɗi ne abokin gaba, hali ne gwarzo. A sabon labarin, kuɗin su ne ladan da ake ba mai haƙuri. Darajar yarinyar ba ta bayyana sai mai kuɗi ya gan ta, kuma abin da ya ja shi kyawunta ne, ba wani abin da ta iya ko ta gina ba. Saurayi talaka kuwa, magajin Muhammad, ya kusa ɓacewa daga fagen. In ya fito, to shi ne tsohon saurayin da za a manta da shi a babi na biyar.

Mafi muni shi ne yadda ake wanke wulaƙanci da dukiya. Mutumin da ya mari 'yar aikinsa, ya kira ta ƙazama, ba ya zama mijin kirki don kawai ya saya mata mota. In matashiya ta karanta irin wannan sau da yawa, za ta iya ɗauka cewa cin mutunci matakin farko ne na so, muddin mai yin sa yana da kuɗi.

Ƙofofin da ake zillewa ta cikinsu

Ko a littattafan da suka fi kyau, akwai hanyoyi uku da marubuta suke bi su kauce wa tambayar da suka ɗauko. Ta farko, a gano cewa talakan ba talaka ba ne: an sace shi yana jariri, ko ya ɓoye arzikinsa ne don ya gwada ta. Ta biyu, arziki ya faɗo masa dare ɗaya, ta gado ko kwangila ko wani ubangida. Ta uku, a mayar da abokin takararsa mai kuɗi mashayi ko mazinaci, yadda ƙin sa ba zai zama abin muhawara ba. Duk ukun abu ɗaya suke faɗa a fakaice: auren bai yiwuwa sai an goge bambancin. Ka ga ke nan kakar Sumayya ce ta yi gaskiya, marubucin dai ya lallashe mu ne.

Sannan yawancin labaran a daren kai amarya suke ƙarewa, alhali a nan ne ainihin jarrabawar take farawa. 'Yar talakan da ta shiga babban gida za ta haɗu da gorin kayan ɗaki daga dangin miji da faccaloli. Za ta ga yadda ake karɓar mahaifiyarta in ta zo, da inda ake ba ta wurin zama ranar suna. Danginta za su ɗora mata buƙatun da ba ta da ikon biya sai ta roƙa. In an cuce ta, mahaifinta zai yi nauyin bakin tunkarar surukin da yake biya masa kuɗin asibiti. Ɗan talakan da ya auri 'yar masu kuɗi shi ma ga nasa: a kira shi mijin Hajiya, ya zauna a gidan da surukinsa ya saya, ya rasa bakin tsawatarwa. Akwai kuma gidajen da suka ci wannan jarrabawa da mutunta juna da rufin asiri, su ma ba a cika ba da labarinsu ba. Nan ne adabi yake, nan ne kuma aka fi tsallakewa.

Akwai wani shingen da ya fi na kuɗi tsauri, wanda alƙalami bai cika taɓawa ba, wato na asali da sana'ar gado. Har gobe akwai gidajen da za su ba talaka 'yarsu amma su hana ɗan mahauta ko ɗan makaɗa ko ɗan wanzamai, ko wanda ake raɗe-raɗin kakanninsa bayi ne, ko da ya fi su kuɗi da ilimi. Talauci ana fita daga cikinsa, amma wannan tambari ba a ba mutum damar gogewa. Marubucin da yake neman labarin soyayya mai tsuma rai, ga shi nan a unguwarsu.

Tsakanin masu suka da masu karewa

Tun shekarun 1990 ake muhawara a kan waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yi musu laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, ya soki ingancinsu, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka tsaya a kan cewa madubin al'umma ne da ya cancanci nazari. A 2007, zamanin gwamnatin Ibrahim Shekarau, an ƙona wasu littattafai a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu bisa zargin ɓata tarbiyya. Zargin da aka fi maimaitawa shi ne suna koya wa 'yan mata bijire wa iyaye.

Iyaye suna da hujjar da ya kamata a saurara. Ciyarwa da tufatarwa da matsuguni wajibi ne a kan miji, kuma uban da ya tambayi sana'ar mai neman 'yarsa bai yi laifi ba. So ba ya biyan kuɗin haya. Amma tambayar ko saurayi zai iya riƙe mace daban take da tambayar wa ya fi kawo kaya. Malaman Malikiyya sun fi ɗora dacewar ma'aurata a kan addini da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure, ba a kan yawan dukiya ba. Nana Khadija attajira ce lokacin da ta nemi auren Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda gaskiyarsa da amanarsa. Ya kuma tabbata cewa ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da son ranta ba. Littafin da ya ce kada a sayar da yarinya ga wanda ya fi tayi bai saɓa wa addini ba. Wanda ya fi cancantar a yi masa tambaya shi ne littafin da yake koya mata cewa tsiranta yana aljihun wani.

Kira ga masu alƙalami

Ba na neman a daina rubuta soyayya, ba na kuma neman a mayar da kowane labari wa'azi. Abin da nake roƙo shi ne marubutanmu, musamman mata matasa da suke riƙe da wannan fage a yau, su amince da talakan da suka ƙirƙira. A bar malamin firamare ya ci gaba da zama malamin firamare har shafin ƙarshe, a kuma nuna mana dalilin da ya sa mace mai hankali za ta zaɓe shi. A bar 'yar talla ta yi karatu ko ta kafa sana'a, ta shiga gidan miji da abin da yake nata. A rubuta mai kuɗi mutumin kirki wanda duk da haka ba shi ake so ba, domin a nan ne zaɓi yake da ma'ana. A bi ma'auratan zuwa shekara ta biyar da ta goma, a gaya mana gaskiyar abin da ya faru.

Masu karatu kuma su sani kuɗinsu da yabonsu ne suke yanke irin littafin da za a rubuta gobe. In kun ci karo da marubuciyar da ta ba talaka mutuncinsa ba tare da ta cika masa aljihu ba, ku sayi littafinta, ku gaya wa wasu.